Yaɓen Babana

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, har da ku mazan da ke laɓewa kuna karantawa, in an tambaye ku ku ce ba ku karanta labarin soyayya. Na ga saƙonninku. Wata ta ce amarci ne ya ɗauke ni tun kafin a ɗaura, wata ta ce in turo hoton lalle. Babu lalle. Ku gyara zama ku ji, don in ban faɗa wa wani ba zuciyata za ta iya bugawa.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Swabra, 'yar Majengo a nan Mombasa. Aikina duba gini ne a ofishin da ke ba da takardar izinin zama a gida. In an gina sabo, ko an yi wa tsoho gyara, ni ce mai zuwa da tsani da tocila in leƙa inda mai gida ba ya so a leƙa. Babana, Fundi Shee, magini ne. Shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini kafin yanar ido ta zaunar da shi, kuma da cokalin nan ya yi mini karatu. Wanda zan aura Mbarak ne, makanikin injin jirgin ruwa, ƙaton mutum da in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu.

Shekara tara Mbarak yana kan teku, abin da ya tara kaf ya zuba a gida ɗaya, wani tsohon bene a Kibokoni. Ba don ni kaɗai ya saya ba. Mahaifiyarsa, Bi Zuhura, shekara talatin tana haya. Gida goma sha ɗaya ta tashi daga ciki, biyu a ciki da kayanta a bakin titi. Ta rantse a gaban mata cewa ranar auren ɗanta a gidan ɗanta za a yi rawar chakacha, ba a zauren haya ba, kuma duk wadda ta taɓa yi mata gori sai ta hau benen nan da ƙafarta.

Da zai saya, ya zo ya durƙusa ya nemi shawarar Baba. Baba ya ce, "Gidan nan na san shi kamar yunwar cikina. Saya, ɗana." Ni kuma na ce a bar ni in je in duba kafin a gama ciniki. Gwaggo Mwanakombo, yayar Baba, ta ajiye ɗan kofin gahawarta ta kalle ni sama da ƙasa.

"Amarya ta leƙa ɗakinta kafin a kai ta? A dangin wa? So kike a ce 'yar Shee ta matsu? Ubanki ya ce gida lafiya lau, ke kina maganar tsani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Kunya ta kama ni, na fasa zuwa. Gidajen mutanen da ban haɗa komai da su ba na duba sun fi ɗari uku. Nawa ne kaɗai kunya ta hana ni.

Ranar Litinin da ta wuce, saura kwana goma sha ɗaya ɗaurin aure, shugabanmu Mzee Mwakio ya kira ni yana murmushi da fayil a hannu. Ashe Mbarak ya ƙara banɗaki a sama ya ɗora tankin ruwa a kan rufi, don haka dole sai an duba an ba shi takarda kafin kowa ya tare.

"Amarya, zo ki ga abin da ya faɗo a teburina," in ji shi. "Gwiwata ta daina hawa tsani. Je ki duba, abin da kika rubuta shi zan sa wa hannu. In ban yarda da ke a kan gidan da za ki kwana a ciki ba, da wa zan yarda?"

Ba zan ɓoye muku ba, murna na yi. Na zura buibui, baƙar abayarmu, a kan wandon aiki, na ɗauki jakata, na tari tuktuk, adaidaita-sahunmu na nan, ina ta murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Mbarak ya buɗe mini ƙofa da zanen kikoi ɗaure a ƙugu, fenti a gwiwar hannunsa.

"In Gwaggo ta ji, sai ta sa an yi biriyani da namana."

"Ba amarya ce ta zo ba, gwamnati ce. Matsa."

"Gwamnatin nan kuwa ta yi kyau yau."

Wayyo gidan. Ƙofar katako mai sassaƙa, ya goge ƙusoshin tagullarta ɗaya bayan ɗaya suna ƙyalli. Bangon falo ya sha shuɗin fenti, irin shuɗin leso, zanen da na yafa ranar da ya fara ganina a bakin jirgin fito, ni har na manta da leson amma shi bai manta ba. A kicin ya ajiye kujerar kankare kwakwa, an sassaƙa sunana a jikinta. A sama ga babban ɗaki mai tagogi huɗu suna kallon teku, nan Bi Zuhura ta tsara mata tamanin za su taru su yi rawa. Sai da na juya baya na share ƙwalla.

To amma hancina ya riga zuciyata sanin gaskiya. Ƙarƙashin ƙamshin fenti da turaren udi akwai wani wari, irin na buhun da ya kwana a jiƙe. Muka sauko ƙasa, na ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya amsa mini kamar ganga. Na kankare ɗan fenti da farce. Siminti ne.

Gidajen tsohon gari da dutsen teku aka gina su, dutsen kuwa yana shan danshi yana fitarwa. Shi ya sa magabata suke yaɓe su da farar ƙasa, ita tana barin bango ya sha iska ya bushe. In ka rufe shi da siminti ka ɗaure ruwan a ciki ke nan, ba shi da wurin zuwa sai kan azara, wato boriti, itacen bakin teku mai ɗauke da benen gaba ɗaya. Daga ƙasa za ka ga azarar baƙa wuluk tana sheƙi. Kanta da ke cikin bango ne ke ruɓewa.

"Riƙe mini tsani," na ce.

Na hau, na sa bakin sukundireba a inda azarar farko ta shiga bango, na ɗan danna. Ban yi wani ƙarfi ba. Ya shige har mariƙi, kamar a cikin dafaffen dankali. Baƙin gari mai laima ya zubo a kan fuskar Mbarak.

Na matsa ta biyu. Ta uku. Azara goma sha huɗu ke riƙe da ɗakin rawar, uku kaɗai suka tsayar da ƙarfen hannuna.

"Swabra, yi magana mana."

Na sauko. Sai idona ya faɗa bayan ƙofa, can ƙasa, inda fenti bai gama rufewa ba. Wani ɗan tauraro ne aka zana da bakin cokali tun siminti yana ɗanye. Babu gidan da Baba ya taɓa yi wa yaɓe bai bar wannan tauraron ba. Nan take na tuna. Ina 'yar shekara goma na sha kawo masa fanken mahamri da wake a kwanon sha a wannan lungun, yana kan katako yana waƙa. Shi ya sa ya ce ya san gidan.

Na zauna a matakala na faɗa wa Mbarak komai. Ya daɗe yana kallon garin da ke tafin hannunsa.

"To mu tokare da sanduna. Ki sa hannu, a yi biki, bayan biki in gyara."

"Tokara ba za ta ɗauki mata tamanin suna buga ƙafa ba. Ga tankinka a sama. Sai an kankare simintin nan kaf, bango ya bushe, a canja azara ɗaya bayan ɗaya. Wata shida, in an yi sauri."

"Jirgina wata ɗaya ya rage ya tashi."

"Na sani."

"Gidan nan shekara ɗari yana tsaye, Swabra. Kwana ɗaya ne zai gagare shi?"

"Shekara tamanin da huɗu ya yi yana tsaye. Sha shidan ƙarshe Allah ne kawai yake riƙe da shi. Mu kama zaure, Mbarak. Ko a yi a tsakar gidanmu."

Ya yi wata dariya da ba ta dariya ba, bai ma rufe baki ba. "Je ki faɗa wa Mama ta yi bikin ɗanta a zauren haya. Ni ba zan iya ba."

Da na koma gida na tarar da falonmu ba wurin sa ƙafa. Leson anko ɗari da ashirin an jibge a kan tabarma, kore da ruwan goro. Mama tana ninkewa, Gwaggo tana turara su a kan kasko, ga kwalayen alewar halwa a gefe an jera. Baba yana waje a kan dakali kamar kullum, da rediyonsa a kunne. Na ja Mama kicin na faɗa mata ƙasa-ƙasa, amma kunnen Gwaggo ko motsin kiyashi ba ya wuce shi. Kafin in rufe baki tana tsaye a bakin ƙofa.

"Maimaita in ji."

Na maimaita.

"To sai me? Wa ya gani? Ke ce kika hau, ke ce za ki rubuta, tsohon nan na ofis ya ce abin da kika ce shi ne. A bar kaza cikin gashinta."

"Gwaggo, ke ma a ɗakin nan za ki yi rawa. Da ke, da Mama."

"Ni na yi rawa a benen da ya fi wannan tsufa tun ba a yi auren uwarki ba, ga ni a tsaye. Rai a hannun Allah yake, ba a hannun sukundirebanki ba." Ta matso har ina jin ƙamshin kanumfari a bakinta. "Faɗa mini, a takardar taku ana rubuta sanadi?"

"Ana rubutawa."

"Da sunan wanda ya yi aikin?"

"In an san shi."

"Wato za ki zauna da alƙalamin da ubanki ya saya miki ki rubuta wa gwamnati cewa shi ne ya kashe gidan surukinsa. Mutumin da ba ido, ba aiki, abin da ya rage masa a garin nan sunansa ne kawai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Swabra. An raba kati har Lamu. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ga uwar ɗiyar nan a gabanki, kalle ta."

Na kalli Mama. Hawaye kawai take yi tana murza bakin zaninta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wayata ta yi ƙara. Mbarak ne: "Na faɗa wa Mama." Sai saƙon murya ya biyo baya daga Bi Zuhura, na sa a kunne.

"'Yata, na ji an ce kin je gidan ɗana da tsani. Sannu da aiki. Ni ban yi boko ba, amma na san yarinyar da ke son mutum ba ta rufe masa ƙofar gidansa. Masu gida goma sha ɗaya sun kore ni, ban taɓa zaton ta sha biyu matar ɗana ce ba. Ki yi tunani."

Na ajiye wayar. Ina son Mbarak, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, shekara huɗu ina ƙirga kwanakin jirginsa. Ina son Baba fiye da raina. Kuma duk sanda na rufe ido sai in ga kore da ruwan goro a ƙarƙashin duwatsu.

Washegari da safe na fito da jakata, ban san me zan je in rubuta ba. Sai na ga Baba tsaye a ƙofar gida cikin farar kanzu, doguwar rigarsa ta Juma'a, da hula, da sandarsa. Rediyon yana ajiye a dakali a kashe. Tagar kicin ɗinmu a kan dakalin nan take, ni ce na manta. Ashe duk ya ji.

"Kai ni," kawai ya ce.

Muka hau tuktuk. Mbarak ya buɗe ƙofa, ya gan shi, ya sunkuyar da kai ya matsa gefe. Baba ya shafa bango da tafin hannu tun daga bakin ƙofa, a hankali, har ya kai bayanta ya durƙusa ya laluba tauraronsa. Sannan ya ce a kafa tsani.

"Baba, ba za ka iya ba."

"Na hau tsani kafin ki san hawa gado. Riƙe."

Ni da Mbarak muka riƙe, ɗaya a kowane gefe, ba mu kalli juna ba. Ya hau yana laluben matakai da ƙafa. Na miƙa masa sukundireba ya ce ba ya so. Ya bi azarar da yatsu har inda ta shiga bango, ya danna babban yatsansa. Yatsan ya nutse.

Ya daɗe a sama. Da ya sauko, farar kanzunsa duk ta yi baƙi a ƙirji.

"Wanda ya koya mini aiki ya faɗa mini," ya ce, ba mu yake kallo ba. "Ya ce Shee, kada ka taɓa sa wa dutsen teku siminti. Na ce tsoho ne, zamani ya wuce shi. Lokacin kowa siminti yake so, ya fi sumul, ya fi sauri. Na yi wa gidan nan, na yi wa wasu." Ya juyo wajen Mbarak. "Ɗana, na cuce ka. Ban san na cuce ka ba, amma na cuce ka."

Mbarak bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya juya ya hau sama.

Baba ya laluba ya kama hannuna. "Rubuta."

"Zan iya cewa ba a san wanda ya yi ba, Baba."

"Ki sa sunana. Akwai gida bakwai a unguwar nan masu tauraron nan, mutane na kwana a ciki. In ba ki sa ba, wa zai je ya duba su?"

A kan gwiwata na rubuta, a zaune a matakalar gidan da ya kamata a kai ni da guɗa. Layin sanadi na cika. Layin suna kuwa sai da na sake shi, don hawaye ya ɓata na farko. Mzee Mwakio ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata." Ya sa hannu. Kafin azahar an manna jar takarda a ƙofar mai ƙusoshin tagulla, ta hana kowa zama a ciki.

Tun daga ranar gidanmu ya zama kamar gidan makoki. Gwaggo ta tattara kayanta ta koma Kisauni, ta ce ita ba ta da 'ya mai suna Swabra. Mama ta lulluɓe leson anko da zanin gado don kada ta riƙa ganinsu. Baba ya daina zuwa majalisar gahawa, don labari ya riga shi isa. Yana nan a dakali ba rediyo, baƙin garin nan har yau yana ƙarƙashin farcensa, na kawo ruwa zan wanke masa ya janye hannu. Na tura wa Mbarak saƙo ya fi ashirin. "Ka ci abinci?" "Mu yi magana." "Ko a ɗaki ɗaya zan zauna da kai." Yana karantawa, ba ya amsawa.

Sai yau bayan la'asar. Ina kwashe shanya don hadari ya haɗo daga teku, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Mbarak. An yage jar takardar rabi. Hoto na biyu, Bi Zuhura ce zaune a tsakiyar ɗakin sama a kan tabarma, da akwatinta, da butarta, da carbi a hannu. Ƙarƙashinsa ya rubuta:

"Mama ta tare. Ta ce ba mai sake fitar da ita daga gida. Ta ce ko ki janye rahotonki, ko a fasa."

Na rubuta, "Ka sauko da ita, ruwa zai sauka, rufin zai ƙara nauyi."

"Na roƙe ta. Ba zan ɗaga uwata da ƙarfi ba."

"Kai fa, me ka ce a kan fasawar?"

Alamar ya karanta ta fito. Na tsaya da kayan shanya a kafaɗa ina kallon wayar, ina jiran ko kalma ɗaya ce. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin.

Hanya ɗaya ta rage da za a sauko da ita kafin ruwa ya taru a rufin nan. Ofishinmu yana da askarawa masu fitar da mutane daga ginin da aka manna wa jar takarda. Na san yadda suke yi, na sha raka su. Za su kama ta hannu biyu su sauko da ita a gaban 'yan unguwa, su ajiye mata akwatinta a bakin titi. Zai zama karo na sha biyu, kuma za ta san wa ya aiko su. Shi ma zai sani.

"Swabra," Baba ya kira daga dakali, ya ɗaga fuska sama yana shaƙar iska. "Ruwan nan mai yawa ne."

"Na gani, Baba."

Na nemo lambar askarawan. Na sake leƙa saƙon Mbarak sau ɗaya, ko ya amsa. Bai amsa ba.

Na danna kira.